Hinjin laftof ɗina ya ɓalle a Jamus, sai na tuna masu gyaran Kano

Sati uku kenan da suka wuce, na buɗe laftof ɗina da safe sai naji ƙas, wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen ganye, ina dubawa naga kusurwar hagu ta sikirin ta ɗago, roba ta wage baki har ina hango wayoyi a ciki. Irin manyan nan ne na gem masu nauyi kamar bulo, na saye ta ne wai dan aikin makaranta amma tsakani da Allah ƙwallo ma tana shan bugu a kanta. Garantin da doka ta bayar a nan shekara 2 ne, tawa kuma ta wuce da 'yan watanni, toh kunga ba inda zan kai ƙara.

Na ɗauke ta sai wani shagon gyara a nan garin da nake. Da farko ma sai da aka bani rana, ba wai kawai ka faɗo ka ce ga matsalata ba, sannan dubawar kanta akwai kuɗinta ko an gyara ko ba a gyara ba. Bayan kwana huɗu mutumin ya kira ni cikin ladabi yace sai dai a canza saman gaba ɗaya, murfi da hinji, wato ƙarfen da murfin ke juyawa a kansa, da komai, kuma sai an yi odar kayan a jira, kuɗin da ya faɗa wlh sai da na ce ya maimaita dan na ɗauka Jamusancina ne ya gaza. Yace in da shi ne zai ƙara kuɗi ya sayi sabuwa. Ban ga laifinsa ba fa, a nan lokacin ma'aikaci ne mai tsada ba kayan ba, kuma duk aikin da yayi in ya lalace shi za a dawo wa, shi yasa ba zai taɓa sa gam a kayan mutum ba. Amma ni a raina cewa nake, yanzu akan wata 'yar roba da bata kai farcen babban yatsa ba za a ce in jefar da na'urar da komai nata lafiya lau?

Dan abin da mutane da yawa basu gane ba shine, ba hinjin bane yake karyewa, shi ƙarfe ne, da wuya kaga ya karye. Ana ɗaure shi ne da ƙananan noti a jikin wasu 'yan gurabe na tagulla masu zare da aka dasa a cikin robar murfin, toh robar da ke riƙe da tagullar ita ce ke fashewa. Su laftof ɗin gem sikirin ɗinsu babba ne, inci 15 ko 17, sai kamfani ya ɗaure hinjin tamau dan kar ya riƙa rawa, kwana a tashi man da ke ciki ya bushe, ƙura ta shiga, ya ƙara tauri, ga zafin da fanka ke hurowa ta baya daidai wajen, kullum robar tana gasuwa tana hucewa. Kai kuma kana kama kusurwa ɗaya kana fizga da hannu ɗaya dan ɗayan na riƙe da shayi. Duk ƙarfin nan a kan robar yake sauka. Kuma hatsarin shine ta nan wayar sikirin take bi, da siraran wayoyin wayfay, in ka ci gaba da buɗewa da rufewa a haka wata rana ko wayar ta tsinke ko gilashin ya tsage, daga ƙaramin aiki ya koma babba.

Da a Kano ne, ai ko tunani ba zan tsaya yi ba. Ka shiga Beirut Road ko Farm Centre, kafin ka gama cire ta daga jaka wani yaro ya tare ka, yallaɓai kawo mu gani. Ba rana ba takarda. Zai kai ka wajen ogansa a wani lungu, teburi ɗaya da fitila da ƙarfen soda da tulin matattun laftof da ake cirar kaya a jikinsu, ya juya ta sau biyu yace wannan ai ba komai bane, zauna. Ban taɓa jin mai gyara a gida ya ce wa mutum je ka sayi sabuwa ba, sai dai in shi ke sayarwa. Idonsu na kan abin da ya lalace ɗin, ba kan na'urar gaba ɗaya ba, kuma wannan a wajena ilimi ne, duk da ba wanda ya basu satifiket. In ba a samu murfi irin naka ba za a nemo na wata a sassaƙa, in ta ƙi a huda murfin a zira noti ta waje a ɗaure ta ciki, muni kam akwai muni, kan notin na leƙowa kamar ƙurji, amma zata riƙe har ka gaji da ita.

Sai dai fa kar son gida ya sa in yi ƙarya. Laftof ɗin ƙanina sau uku ana gyara masa hinji a wani shago, sau uku tana ɓallewa. Me ake yi? Sufa gulu, a barbaɗa bakin soda ko a cusa auduga ya daskare nan take, a ɗan narka robar da ƙarfen soda a shafe, a miƙo maka. Ranar zaka ga kamar sabuwa. Amma sufa gulu in ya bushe kamar gilashi yake, baya jure lanƙwasa, tururinsa ma har farin tabo yake bari a gefen sikirin, kuma babban abin ba wanda ya taɓa hinjin da ya haddasa fashewar tun farko. Yana nan da taurinsa, an gyara ɓarna an bar ɓarawon a ɗaki. Kuma mu ma masu kaya da namu laifin, Malam dan Allah yanzu nake so, gobe ina da jarabawa, ga ciniki kamar ana sayen tumatir. Mutumin da ka tsaya a kansa kana duba agogo kuma ka rage masa rabin kuɗi, ta ina zai sa maka gam ɗin da sai ya kwana kafin ya kama?

Yadda tawa ta ƙare, wani abokin karatuna ne ya nuna min abin da suke kira Repair Café. Wata mata 'yar Holan, Martine Postma, ita ta fara shi a Amsterdam a 2009, yanzu ya bazu garuruwa da yawa a nan, masu sa kai ne suke zama wata rana a wata, yawanci dattawa da suka yi ritaya, ka kawo kayanka ku gyara tare, in ka ga dama ka jefa wani abu a asusu. Wani tsoho na samu, ya kai sa'an kakana, sai na tsinci kaina ina ce masa Baba a zuci. Abu na farko yace a cire batir, dan in sukundireba ta taɓa inda bai kamata ba allon ciki ne zai tafi. Muka ɓanɓare robar gaban sikirin a hankali da tsohon katin banki. Sai ya ɗauko 'yar sifana ya sassauta notin da ke jikin hinjin, kwata ɗin juyi kawai, ya gwada da hannu, ya ƙara kaɗan, yace sai ya zama zaka iya ɗaga murfin da yatsa ɗaya ƙasan bai biyo shi ba amma kuma in ka sake shi ya tsaya. Nan na gane abin da aka yi ta tsallakewa a ta ƙanina, aikin da bai kai minti biyu ba.

Sauran kuma haƙuri ne kawai. Muka goge wajen da sifirit, muka ɗan kankare da sanfefa dan gam ya samu abin kamawa, ya shafa ɗan basilin a zaren notin dan kar ya liƙe har abada, ya kwaɓa gam ɗin nan mai kwalba biyu irin Araldite da duk muka sani a gida, ya dasa tagullar a gurbinta ya cike gefe da gefe, muka matse da abin shanya kaya. Yace kar in kuskura in taɓa sai bayan awa 24. Wlh na so in buɗe da daddare, jinin gida ne, na dai daure.

Abin da ke bani dariya shine Turai yanzu da doka suke neman dawo da abin da mu muke dashi a banza. Faransa a 2021 ta wajabta a riƙa liƙa maki daga 10 a jikin laftof da waya da wasu kayan, na nuna sauƙin gyaransu. Tarayyar Turai ma a 2024 ta yi dokar 'yancin gyara, akwai waya da injin wanki da firji a ciki, amma laftof bata shiga jerin farko ba, toh mu dai sai mu ci gaba da bin tsofaffi.

In yau aka ce in zaɓa, Kano zan kai, ba ko shakka, hannun yaran can ya fi, kuma basa tsoron kaya. Amma zan biya yadda ya faɗa, in ce ya sassauta hinjin, in bar masa ita kwana biyu in tafi abina. Na kira ƙanin nawa na zayyana masa duk wannan, yace Yaya ai ni na huta, tun watan azumi na daina rufe ta, filo na jingina mata a baya.