Abincin wasan yara: a ɗinka namu, kuma a ɗinka shi da zare

Masu ɗinka wa yara abincin wasa da ƙyallen fetirin, wanda ake yi da danne zaruruwa ba saƙa ba, suna ƙaruwa a Yamai, kuma abin farin ciki ne. Amma abu biyu suna damuna a yawancin abin da ake tallatawa: ana kwaikwayon abincin da yaranmu ba su taɓa gani a tukunyar gidansu ba, sannan ana manna shi da gam maimakon a ɗinka.

Yarinya mai shekara uku idan ta ce tana tuwon ƙasa, uwarta take kwaikwayo. Ta ga an yanka albasa, ta ga an soya ƙosai, ta ga babanta ya shigo da burodi a hammata. In aka miƙa mata fiza da kek mai hawa uku, za ta jujjuya su ta ajiye. In kuwa aka ba ta albasar Galmi da tumatir da kilishi da masa, nan da nan za ta kafa kasuwa, ta sa ƙanenta ya zo saye, ta ƙirga, ta yi ciniki. Wannan surutun shi ne amfanin wasan, don a cikinsa take koyon sunaye da launi da lissafi. Malaman jardan, wato makarantar ƙananan yara, ma sun fi buƙatar irin wannan.

Fetirin ba saƙa shi ake yi ba, danne zaruruwa ake yi har su kama juna, shi ya sa in an yanka bakinsa ba ya zarewa kuma ba ya buƙatar kalmasa. Akan same shi falle-falle, santimita 20 a 30. Mai kaurin milimita 1 shi ne na abin da za a cusa wa auduga, don yana lanƙwasa. Mai milimita 2 zuwa 3 na abu mai faɗi ne, kamar kilishi. Kafin ki saya, ɗaga fallen ki duba shi a rana. In haske yana ratsa shi wuri-wuri, bar shi, zai yage a bakin ɗinki. Ki kuma jiƙa farin tsumma ki goga a kan ja da shuɗi. In launi ya fito a tsumman, zai fito a bakin yaro.

Maganar gam kuwa, dalilin ƙinsa a jikin ƙyallen yake. Gam yana kama zaruruwan sama ne kawai, to da yaro ya ja da haƙori sai su ɓantare tare da abin da aka manna. Yawu da wanki suna ƙara sassauta shi. Ganyen tumatir da aka manna yau, gobe yana cikin bakin jariri. Haka duwatsun ado da maɓalli da idon roba: kada ko ɗaya ya hau abin wasan yaron da bai kai shekara 3 ba. Ma'aunin da ake gwada kayan wasa da shi a Turai da Amurka bututu ne mai faɗin santimita 3 da ɗigo 17, duk abin da ya shige cikinsa ana ɗaukarsa mai iya shaƙe yaro. Ni a ganina a ƙara a kan haka, kada a ɗinka komai ƙasa da santimita 5. Saboda haka a manta da dabino da goro da gyaɗa, ƙosai kuma a yi shi ya fi na gaske girma.

Ga tumatir, wanda shi ne ya fi ba mutane wuya. A zana ganye mai tsini biyu a kwali, tsawonsa santimita 10, faɗin cikinsa 3 da rabi, a yanka shida a jan fetirin. Da alli ko guntun sabulu ake zane, biro yana zuba in an wanke. A haɗa uku-uku, sannan a haɗa rabi biyun, a bar ƙofa ta santimita 3, a juya, a cusa, a rufe. Zai fito kusan santimita 6. In ya fito kamar ƙwai, ganyayen sun yi siriri. In ya yi ƙulu-ƙulu, audugar aka tura dunƙule guda maimakon kaɗan-kaɗan da gindin fensir. Albasa ma haka ake yi da shunayya, sai dai ta Galmi tana da ɗan faɗi, don haka bayan an rufe sai a soka doguwar allura daga sama zuwa ƙasa, a dawo, a ja zaren har ta ɗan zauna, a ɗaure.

Allura ta riƙa shiga milimita 3 daga baki, tsakanin suka da suka milimita 3 zuwa 4. In aka matso baki sosai zaren yana yanke ƙyallen, tunda babu saƙar da za ta riƙe shi. A keke ma haka ne, ƙananan ɗinki suna huda shi jere har ya tsage da kansa, sai a sa tsawon ɗinkin a milimita 3. Zaren ado mai sili shida a raba shi, a ɗauki biyu ko uku. Kowane ƙulli a ɓoye shi ciki.

Kilishi da cukun Tawa su ne mafi sauƙi, da su ya kamata mai koyo ta fara. Falle biyu ne a kan juna, santimita 12 a 8, babu cushe. Kilishi a yanka bakinsa ba daidai ba, a yi masa ƴan ɗige-ɗige da zare ruwan ɗorawa a madadin yaji. Cuku kuwa fari ne mai ɗan duhu, a jera masa layukan ɗinki kusa da kusa, su ne shatar tabarmar da ake shanya shi a kai. Masa da'ira biyu ce ta santimita 8, da auduga kaɗan.

Cushen ma abin lura ne. Audugar roba irin ta cikin filo ita ce ke jure wanki. Audugar gona tana dunƙulewa kuma tana daɗewa ba ta bushe ba. Shinkafa da wake da gero, waɗanda wasu ke zubawa don abin ya yi nauyi, kada a kuskura: ƙwari na shiga, damina na sa su fumfuna, ranar da ɗinki ya ɓalle kuma sun watse gaban mai rarrafe.

Da ƙurar hunturun Yamai dole a wanke su akai-akai. Da hannu, a ruwan sanyi, da sabulu kaɗan, a matse cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shanya a inuwa don rana tana cinye ja. Kada dutsen guga ya taɓa su, fetirin na roba narkewa yake yi, na ulu kuma ruwan zafi yana tsuke shi. Bayan kowane wanki a bi bakin ɗinki da yatsa ana ja da ƙarfi, wanda ya buɗe a ɗauke shi daga kwandon yara sai an gyara.