Sunan wa ke jikin rigar?

Ni tela ce, shi ya sa tarihin Charles Frederick Worth yake taɓa ni. Baturen Ingila ne, an haife shi a 1825, ya tafi Faris yana saurayi ya zama yaron shago a wurin masu sayar da yadi. A 1858 ya buɗe nasa gidan ɗinki a titin Rue de la Paix, shi da Otto Bobergh ɗan Suwidin.

Kafin zuwansa, matar babban gida ce ke zaɓen yadi, ta aika a kira mai ɗinki, ta ce ga yadda za a yanka. Worth ya ce a'a. Shi zai zana, matarsa Marie ta saka rigar ta taka a gaban masu saye, kowace ta nuna wadda ta kwanta mata a rai, sannan a ɗauki awonta. Kuma ya riƙa ɗinka sunansa a cikin rigar. Da matar jakadan Ostiriya, Pauline von Metternich, ta shiga liyafar fada da ɗinkinsa, Sarauniya Eugénie matar sarkin Faransa Napoleon na uku ta gani ta yaba, shi ke nan kasuwa ta buɗe.

Wallahi ina girmama shi, domin ya ɗaga darajar sana'armu. Amma ban yarda da masu cewa shi ne tela na farko da ya yi suna wajen tsara adon manyan mata ba. Tun shekarun 1770 wata mai ɗinki, Rose Bertin, ke yi wa Sarauniyar Faransa Marie Antoinette tufafi, har ana kiranta ministar ado.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu riƙe da allurar. Ku dubi rigar liyafar dare ta wancan zamani: kafaɗa a buɗe, ƙugu a matse, ƙasan a baje bisa kejin ƙarfe, silikin birnin Lyon ninki kan ninki, ga leshi ga duwatsu, kusan duk adon da hannu. Wanda ya taɓa kwana yana jera duwatsu a rigar amarya ya san yadda ido ke yaji, yatsa ya kumbura. Ma'aikatan gidan Worth sun haura 1,000, yawancinsu mata. Har yau Faransawa “ƙananan hannuwa” suke ce wa irinsu. Rigunan na nan a gidajen tarihi na Faris da New York, a jikin yawancinsu sunan mutum ɗaya ne.