Saban bai ci amanar Jalen Hurts ba, ku daina faɗin haka

Jiya da daddare musun nan ya sake tashi a gurup ɗinmu na masu kallon ƙwallon Amurka ta jami'o'i, har wajen ƙarfe ɗaya ana ta turo saƙon murya, wani abokina ya rantse ya maya wai abin da Nick Saban, kocin Jami'ar Alabama a lokacin, ya yi wa kwatabak ɗinsa Jalen Hurts, da ya cire shi ana tsakiyar wasan ƙarshe, butulci ne tsagwaronsa. Ni kam ban yarda ba, kuma tunda rubutu ya fi min sauƙi bari in zo nan in faɗi nawa.

Ga waɗanda ba sa bin wasan, kwatabak shi ne mai karɓar ƙwallo ya jefa, shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya, in ya rikice kowa ya rikice. To ranar 8 ga Janairun 2018 a Atlanta, wasan ƙarshe na cin kofin ƙasa, Alabama da Jojiya. An tafi hutun rabin lokaci Jojiya na da 13 Alabama ko ɗaya babu. Hurts ya yi jifa takwas, uku kacal suka shiga hannu, yadi 21 gaba ɗaya. Yaron nan fa shekara biyu yana jan ƙungiyar, sau biyu tak aka taɓa cin su a hannunsa. Da aka dawo sai Saban ya zaunar da shi a benci ya sako Tua Tagovailoa, ɗan aji ɗaya, bahago daga Hawai wanda bai taɓa fara wasa ko sau ɗaya a jami'a ba. Ina zaune gaban talabijin na ga lamba 13 ya shigo fili, wallahi sai da na ajiye kofin shayin da ke hannuna.

Masu cewa butulci, me kuke so mutumin ya yi? Jojiya sun toshe hanyar gudu, sun gane Hurts ba zai cutar da su da jifa mai nisa ba a daren nan, kuma akwai yara sama da ɗari da suka sha wahala tun bazara saboda wannan daren. A bar su su rasa kofi don kada ran mutum ɗaya ya ɓaci? Kuma ni ba don an ci wasan nake kare shi ba. Ko da Tua ya zubar da wasan hukuncin daidai ne, kuma saura ƙiris ya zubar ɗin, don a ƙarin lokaci ya riƙe ƙwallo har aka kayar da shi aka yi asarar yadi 16, kafin a bugu na gaba ya cilla wa DeVonta Smith ita daga yadi 41 aka tashi 26 da 23. Saban kullum yana ganin yaran nan biyu a filin atisaye, mu kuwa Asabar kawai muke ganinsu a allo.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne Hurts ɗin kansa. Kyamara ta yi ta nuno shi a gefen fili yana taya Tua murna, bai ɓata fuska ba, bai kuma tattara kayansa ya gudu ba, ya zauna shekara guda cur yana ɗan benci. Sai ga Disamban 2018, filin nan dai, Jojiyan nan dai, wasan cin kofin SEC, wato gasar rukunin jami'o'in da Alabama da Jojiya ke ciki, Tua ya ji ciwo a idon sawu, aka ce Hurts shiga. Ya jefa wa Jerry Jeudy aka yi kunnen doki, sannan ya ruga da ƙafarsa ya ci na ƙarshe, 35 da 28. Daga nan ya koma Jami'ar Oklahoma ya zo na biyu a kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i bayan Joe Burrow, a 2025 kuma ya ɗauki kofin Super Bowl, babban kofin ƙwararru, a Philadelphia Eagles. Wanda aka ci amanarsa haka yake ƙarewa?

In laifi kuke nema ku duba ɗaya ɓangaren. Kirby Smart, kocin Jojiya, yana da kwatabak Jake Fromm, ya je ya lallaɓo Justin Fields, wani kwatabak ɗan jihar mai tauraro biyar, wato matakin ƙoli a ƙimar 'yan wasan sakandare, ya kawo shi ya rasa yadda zai yi da shi. A wannan wasan na Disamba ana 28 da 28 saura kamar minti uku, sai ya turo Fields a wata dabarar yaudara ana neman yadi 11, kowa a filin ya gano, ko kusa bai kai ba. Bayan 'yan makonni yaron ya tafi Jami'ar Ohio State ya je ya haskaka a can. Wannan ne ke min ciwo, ka shiga falon iyayen yaro ka sha ruwansu ka yi alƙawari, alhali ba ka da tsarin da za ka sa shi a ciki.

Amma shi ma Kirby ina ba shi haƙƙinsa, don a 2021 magoya baya sun yi ta ihu a sa JT Daniels mai taurari, ya kafe a kan Stetson Bennett, yaron da ya fara shigowa makarantar ba tare da tallafin karatu ba, kuma da shi ya doke Alabama 33 da 18, ya sake ɗaukar kofi a shekarar da ta biyo. Shi ma abin da ya gani a atisaye ya bi, ba ihun intanet ba.

Yanzu ma lamarin ya ƙara tsauri, tun 2021 yara na samun kuɗi da sunansu, kuma sauya makaranta ya zama ruwan dare, ka zaunar da kwatabak wata uku sai ka ji ya tafi. Saban kansa ya ajiye aiki a Janairun 2024. Malam, da kai nake, wanda ya turo min saƙon murya na minti bakwai: a cikin kwatabak ɗin yau nuna min guda ɗaya da za a cire a wasan ƙarshe ya zauna shekara yana jira kamar Hurts.