Kafin ku zuba kuɗɗi kan kalkuleta mai zana giraf

Iyaye da yayyen ɗalibai na Sakkwato, ina da magana kan wagga kalkuleta mai babban allo da yara ke ta naci a saya musu, irin su TI-84 Plus ta Texas Instruments ko Casio fx-CG50. Abu ne mai kyau, ban musa ba, tun 1985 da Casio sunka fito da ta farko take aiki a makarantun Amurka da Turai. Amma ɗan sakandare na nan mi zai yi da ita?

WAEC ba ta yarda a shiga da kalkuletar da ake iya loda ma bayanai ba, su kuwa waɗannan duk ana loda musu. JAMB ma ba a shiga da komi, kalkuletar na nan cikin kwamfutar. To ka kwashe sama da dala 100, ka lissafa da naira ka ji, ka sayi abin da ranar jarabawa a ƙofa za a karɓe shi, haba. Kuma tambayar giraf a WAEC da hannu ake yin ta, fensir da takardar giraf, yaro ya zaɓi sikeli ya ɗiga maki ya haɗa su, wanda ya saba inji na zana mishi nan zai tsaya yana cizon fensir.

Ni dai shawarata Casio fx-991ES Plus. Tana da hasken rana ga batir, ba ruwanka da neman caji lokacin da wuta ta ɗauke, tana warware kwadiratik da matiriks, sannan akwai wurin tebur, ka shigar da lissafin ta jero maka x da y, sai ka zana da kanka. Har ɗan Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUS) ko Poli mai karatun injiniya za ta kai shi nesa. Illa dai jabu ta cika kasuwa, ku latsa maɓallan tun gaban mai shago, ku duba allon ta gefe, in rubutun na dusashewa ku aje ta.

In ganin siffar giraf ɗin ake so, manhajojin GeoGebra da Desmos kyauta ne a waya, har sun fi kyan gani. Mai shirin SAT, jarabawar neman shiga jami'o'in Amurka, ma Desmos na cikin manhajar jarabawar.

Wanda malaminshi ya rubuta sunan kalkuleta takamaimai a jerin kayan kwas, ko mai tahiya karatu waje, shi kam ya saya, amma ya tambayi makarantar wace iri sunka amince da ita tukuna.