Fiziks ɗin lebul wan: a daina kwafa, a zauna uku-uku a yi gardama

Duk wanda ya yi PHY 101, kwas ɗin fiziks na shekarar farko a jami'a, a garin nan ya san yadda ake yi. Jarabawa na matsowa sai wani guru ya hau allo bayan la'asar, mutum hamsin a bayansa suna kwafa, ya zazzago fomula kowa ya gyaɗa kai, a watse ana cewa an yi gurup. Wallahi wannan lakca ce ta biyu kawai. Ranar jarabawa malam na ɗan juya tambaya sai ido ya raina fata, kariyoba, wato maimaita kwas, ta hau kan yaron da ya kwana yana hadda, kuma abin yana min ciwo don yaran nan ba daƙiƙai ba ne.

A 1992 Patricia Heller da abokan aikinta a Jami'ar Minesota ta Amurka sun buga sakamakon wani tsari da suka gwada a irin wannan kwas ɗin. Ɗalibai uku-uku suka haɗa, mai ƙoƙari da matsakaici da mai rauni, ɗaya ya ja ragama, ɗaya ya rubuta, na ukun kuma aikinsa musu, duk abin da aka kawo ya ce ta yaya, me ya sa. Sun ga amsar gurup tana fin wadda gwanin cikinsu ke kawowa shi kaɗai. Wannan mai musun ni shi ya fi burge ni, domin a wajenmu kunya ce ke cin ɗalibi, gara ya yi shiru da a ce bai gane ba, to idan tambaya ta zama aikin da aka ɗora masa ai kunya ta ƙare.

Sai dai fa tambayar ma sai ta canja. In ka ba su wadda za a cusa lamba a fomula a wuce, gurun zai gama a minti ɗaya sauran su yi kallo. Amma ka ce musu adaidaita sahu ce ta sauko daga gadar Kabuga tana gudun kilomita 36 a awa, mai kura ya gitta a mita 15, direba ya taka birki ta ɗauki sakan 4 kafin ta tsaya, shin ta buge shi? Nan dole a zana hoto, a maida gudun mita 10 a sakan, wani ya ce 10 sau 4 ai mita 40 ne, wata ta ce a'a gudun raguwa yake yi, mita 20 ne, a ja a ja har kowa ya ga dalili. Wanda ya yi wannan gardamar ba zai manta ba.

Na san malamai za su ce ɗalibai ɗaruruwa a zauren lakca ɗaya ina aka ga wurin gurup. Gaskiya ne, amma Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, a babban zaure yake yin nasa, ya jefa tambaya kowa ya zaɓi amsa, ka juya ka shawo kan na kusa da kai, a sake zaɓe. Ɗaga yatsu ma ya isa, ba sai da wuta ko firojekta ba. Kuma wani masanin fiziks, Richard Hake, a 1998 ya duba ɗalibai sama da 6,000 a kwasa-kwasai 62, ya samu azuzuwan da ake irin wannan mu'amalar sun ninka na lakca zalla wajen ƙaruwar fahimta.

Akwai abu ɗaya da su Heller suka lura da shi da ya shafe mu sosai, in aka haɗa maza biyu da mace ɗaya mazan ne ke mamaye magana, don haka malam ne ya kamata ya yi rabon da kansa, ya sa mata bibbiyu ko su kaɗai. 'Yan cima-zaune kuma maganinsu jarabawar ƙarshen simesta ta kasance kowa tasa ta fisshe shi. Abin da nake roƙon sassan fiziks na jami'o'inmu bai wuce awa ɗaya a sati ba, ta tutoriyal, takarda ɗaya ga mutum uku, mataimakin malam yana zagayawa yana saurare ba tare da ya karɓi biro ba.