Lambun da ba ya jiran tankar ruwa

Duk shekara haka ake yi. Da damina ta sauka sai ka ga ma'aikata a shataletale da tsakiyar manyan titunan Kano, ana shimfiɗa ciyawa, ana dasa furanni. A watan Agusta wurin ya yi kore shar, a ɗauki hoto. Kafin Maris ya ƙare, da yawa daga cikin wuraren ba abin da ya rage sai jar ƙasa da ledar fiya wata, sai a jira wata daminar a sake kashe kuɗi. Ba yau rana ta fara zafi a Kano ba, don haka ban ga laifinta ba. Laifin na mai zaɓen shukar ne.

Ruwan sama na kirki a nan wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran shekarar hunturu ne da bazara, kuma a Afrilu zafi kan haura digiri 40. A irin wannan lokaci, ciyawar ado tana buƙatar aƙalla lita 5 a kan kowace murabba'in mita, kullum. Ɗan fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi ke nan zai sha lita 500, wato jarka 20 mai cin lita 25, a garin da matatun Tamburawa da Challawa da Watari ba sa isar jama'a, unguwanni da dama kuma sun dogara da 'yan garuwa. Mai rijiyar burtsatse zai ce ruwansa ne. Amma ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba, abin da ya zuƙo ya zuba wa ciyawa shi ne maƙwabcinsa zai nema a tasa rijiyar.

Abin takaicin shi ne muna da tsirran da suka dace da mu, mun dai raina su ne. Ɗauki kariya. Gindinta a kumbure yake don nan take ajiye ruwa, kuma a tsakiyar rani, lokacin da ta zubar da ganye, take fitar da fure mai ruwan hoda wanda ba ya jin kunyar kowane fure. Masu lambu a Tailan sun ɗauke ta sun fitar da launuka iri-iri, suna sayarwa duniya, mu kuwa muna wuce ta a daji ko kallo ba ta ishe mu ba. Ga moda, wadda kakanninmu ke cire zarenta su yi igiya da tsarkiyar baka. Tana jure ƙarancin haske, don haka ta dace da ƙuntataccen tsakar gida na cikin birni, ko bakin zaure. Ga zabuwa da 'yar'uwarta alobera da mata suka sani wajen gyaran fata da gashi. Ga aguwa, wadda manoma suka daɗe suna shinge da ita: a sari reshe a kafa, shi ke nan ya kama. Ga karan masallaci, ga ƙerana. In an haɗa da lalle a gefen katanga, an sami ƙamshi da amfani a wuri ɗaya.

Sirrin da yawa daga cikinsu, kamar moda da alobera, shi ne suna rufe ƙofofin numfashin ganyensu da rana, sai dare ya yi sanyi su buɗe su shaƙi iskar da za su yi abinci da ita. Ruwan da ke tsere musu kaɗan ne, shi ya sa suke yin makonni ba a ba su ko ɗigo ba. Shi ya sa kuma ba sa saurin girma, sai an yi haƙuri da su.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma ba duka hujjojinsu ne na banza ba. Mafi ƙarfi ita ce ta guba. Farin ruwan ƙerana da aguwa yana ƙona fata, in ya shiga ido abin ba daɗi, ruwan kariya kuwa har dafin kibiya ake yi da shi a wasu sassan Afirka. Gidan da ke da yara masu rarrafe, ko farfajiyar makarantar firamare, ba wurinsu ba ne. A can a tsaya ga moda da alobera, su ma a ɗaga su inda hannun yaro bai kai ba. Amma a shataletale da tsakiyar titi wannan ɗacin alheri ne, tunda dabbobin da ke cinye duk abin da aka dasa kan kauce musu.

Hujja ta biyu ita ce inuwa, kuma na yarda da ita gaba ɗaya. Kariya dubu ba za ta yi wa mai faci ko mai jiran adaidaita sahu abin da darbejiya ɗaya za ta yi masa ba. Waɗannan ƙananan tsirrai gurbin ciyawa da furannin waje za su maye, ba gurbin bishiya ba. Kuma ko a bishiyar, tsamiya da kurna da aduwa da gawo sun riga sun nuna cewa za su iya da ƙasar nan. Tun 2007 da Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar bishiyoyi ta Sahel, wanda Kano ke cikin jihohi 11 da yake shafa a Najeriya, ake maganar shuka abin da ke jure fari a karkara. Ban ga dalilin da zai sa birnin ya zama daban ba.

Wasu kuma sun ce sun gwada irin wannan shukar a gida ta mutu. Galibi ba ƙishi ne ya kashe ta ba, yawan kulawa ne. Mun saba ban-ruwa safe da yamma, su kuwa waɗannan in saiwarsu ta kwana cikin laima sai ta ruɓe. Hatsarinsu yana watan Agusta, ba Afrilu ba. A haɗa ƙasar da yashi mai tsakuwa, a huda gindin tukunya (ta ƙasa ta fi ta roba, don tana numfashi), kada a sake ba da ruwa sai ƙasar ta bushe. In reshe aka yanko, a bar shi a inuwa bakin yankan ya bushe kafin a dasa.

Masu sayar da furanni a bakin titi abin da ake tambaya shi suke rainowa, kuma babban mai saye ita ce gwamnati. Da hukumomin da ke ba da kwangilar ƙawata tituna za su riƙe wani kaso na kuɗin sai an zagaya an duba wurin a ƙarshen Afrilu, da ɗan kwangila da kansa zai je neman kariya da aguwa, ba sai an yi masa lacca ba. Kuɗin tankar ruwan da aka rage kuma a sayi keji da shi a kare 'yan bishiyoyin da awaki ke gamawa da su tun suna ƙanana.