Maki ɗaya ba zai zaɓa wa ɗalibin Japananci aji ba

Ɗalibin da ya shigo jami'a da ɗan Japanancinsa, kafin ya zauna a aji sai an yi masa jarrabawar tantance mataki. Ba ta ci ko faɗuwa ba ce, amfaninta kawai a gano ajin da ya dace da shi. A ganina, duk jami'ar da ta yanke wannan hukunci da maki ɗaya tak daga tambayoyin zaɓi amsa, ta cuci ɗalibanta.

A wannan harshe, kunne da ido ba sa girma tare. Hiragana da katakana, wato jerin baƙaƙen sauti guda biyu na rubutun Japananci, kowanne na da baƙaƙe 46, mai himma zai haddace su cikin 'yan makonni. Kanji kuwa, wato alamomin rubutu masu ɗauke da ma'ana da aka aro daga rubutun ƙasar Sin, dutse ne. Jerin na yau da kullum da gwamnatin Japan ta sabunta a 2010 ya ƙunshi 2,136, kuma 'ya'yan Japanawa su kansu shekara shida suke yi a firamare kafin su kammala 1,026 daga ciki.

To ga yarinyar da ta tashi a wata ƙasa, mahaifiyarta Bajapaniya. Hira take yi tiryan-tiryan, amma a miƙa mata jarida sai ta yi tsuru-tsuru. Ga kuma ɗalibi ɗan ƙasar Sin, ya san ma'anar kanji tun yana yaro, zai iya cinye sashen karatu alhali gaisuwa ma da ƙyar yake haɗa ta. Makinsu na iya zuwa daidai, a tura su aji ɗaya. Wa aka taimaka? Ban ma zo kan wanda ya koya daga kallon anime (finafinan zane na Japan) ba, wanda zai yi wa malaminsa magana kamar abokin wasansa, domin bai taɓa cin karo da keigo ba, wato salon girmamawa.

Wasu na cewa a karɓi takardar JLPT, wato jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta ƙasa da ƙasa, a huta. Jarrabawa ce mai daraja, tun 1984 ake yin ta, kuma daga 2010 matakanta biyar ne, N5 zuwa N1. Sai dai ba ta gwada magana, ba ta sa mutum ya rubuta ko jimla ɗaya da hannunsa. Hatta J-CAT, wata jarrabawar Japananci ta kwamfuta, mai sauya wahalar tambaya gwargwadon amsar ɗalibi, ba ta jin bakinsa.

Na san uzurin da ake bayarwa: malamai kaɗan ne, ɗalibai da yawa. Gaskiya ne. Amma hirar minti goma da ɗan gajeren rubutu da hannu sun fi sauƙi a kan zango guda na ɗalibin da ke hamma a aji, ko wanda ya kasa gane komai har ya bar harshen gaba ɗaya. A kuma bar ƙofa a buɗe a makonni biyun farko, malami ya iya ɗaga wannan ya saukar da wancan.

Ɗalibai ma da nasu laifin. Wani zai kwana yana haddar nahawu don ya tsallake aji, wani kuma ya faɗi da gangan don ya sami maki a sauƙaƙe, ya cika wa masu farawa na gaskiya ciki har su ji kunyar buɗe baki. Irin wannan ba ya ɓuya a hira: tambaya biyu malami zai yi masa cikin Japananci ya gano shi.